Juma'ar da Ba a Daka a Gidanmu

Tun da soja suka koma bariki aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, unguwarmu ta Agege ba ta ƙara yin shiru ba. Kowa ya sami baki. Mai okada yana da ƙungiya, mai tura baro yana da ƙungiya, har samarin gidanmu sun kafa tasu ta kallo. Zauren da surukina yake saukar fataken goro a da, shi suka share, suka jera benci, suka ɗora talabijin da bidiyo a kan tebur, suka rataya labule a ƙofa. Daga hantsi kaset ke juyawa, na Kano, na Indiya, na Yarabawa, na masu duka da ƙafa. In an ɗauke wuta su ta da janareto, ƙararsa ta shigo cikin gida ta zauna mana a ka. Matan 'ya'yana kuwa ba sa shiga sahun kowa. Kowacce da nata bidiyon a ɗaki, ta turo ƙofa, ta kalli abinta ita kaɗai, ta yi dariyarta ita kaɗai. Ni ina kan kujerata a bakin ɗaki ina kallon kowa. Ban yi boko ba, ban san abin da ake rubutawa a jikin kwalin kaset ba, amma na san fuskar wanda ya ji daɗin kallo, kuma ba ita nake gani ba in sun fito. Suna fitowa ne kamar waɗanda suka ci abinci a tsaye.

Suna zaton su suka fara. Ba su san cewa a gidan nan an yi ƙungiya biyu tun iyayensu ba su zo duniya ba, ɗaya ta kiɗa a zaure, ɗaya ta fim a tsakar gida, katanga guda ce tsakaninsu, kuma ta biyun ba ta taɓa mallakar ko ƙyallen majigi ba.

An kawo ni gidan nan daga Arewa ina amarya, a jirgin ƙasa, tasoshina a ƙulle cikin zane. Abin da na fara sani na Agege ƙamshi ne, na ɗanyen goro, da jiƙaƙƙen ganyen da ake naɗe shi, da jar ƙasar da ba ta gama bushewa kafin wani ruwan ya sauko. Surukina, wanda kowa ke ce wa Baba Alhaji, mai masaukin fatake ne. Baƙi su sauko daga Kano da Sakkwato da Barno su sauka a ɗakunan waje, Yarabawan ƙauye su kawo goro a kwanduna, a wanke, a zaɓe, a ɗaure huhu, a kai tasha. Cikin baƙo kuwa a wuyan mai masauki yake, kuma Bahaushen da ya sha zaman jirgi ba ya son a tare shi da tebar garin rogo, tuwon dawa yake so da fura. Dawar da geron a jirgi suke zuwa, amma ba jirgi ke daka su ba. Mu ne, matan 'ya'yan gida da matan 'yan haya, duka a ƙarƙashin uwar mijina, Hajiya Babba. Tun asuba ake surfe, a wanke, a shanya, a daka, a tankaɗe, a mayar da tsaki turmi, a kirɓa fura. Kafin a gama wanke tukwanen rana an koma kan na dare. Hajiya Babba takan ce ita ba ta son ganin hannun mace a kan cinya, in ba salla take ba. Yanzu yarinya ta ɗauki roba ta kai inji, kafin ta gama gaisawa da mai injin an niƙe, ta dawo tana cewa ta gaji. Ba na kewar kantar da ke tafin hannuna, kada wani ya ce na faɗi haka. Ina dai faɗin yadda aka yi ne.

Baba Alhaji yana da garmaho, irin wanda ake wanawa da hannu, yana da kuma abokan jin kiɗa. Duk ranar Juma'a bayan la'asar suke haɗuwa a zaure: tsofaffin dillalan goro, wani tsohon saje da ya yi yaƙi a ƙetare ya dawo da kunne ɗaya mai ji, da wani Alhaji Bayarabe mai gonar goro wanda ba ya gane rabin Hausar waƙoƙin amma in aka sa molo sai ka ga yana share ido da hannun riga. Kowa ya zo da faifansa a naɗe cikin ƙyalle kamar jariri. Ba sa jin kiɗan samari. Kiɗan manya suke ji, taushi da kotso da molo da garaya, irin waƙoƙin da mawaƙi zai yi ta jan baiti 'yan amshi na biye da shi ba gaggawa. Kowane gefen faifai da sabuwar allurarsa. Faifai na juyawa ba mai tari, ba mai ɓara goro. Baba yakan ce wanda ya yi magana a lokacin ya katse wa babba zance. Sai an ɗage allura gardama ke tashi, wannan ya ce 'yan amshi sun makara, wancan ya ce fatar gangar ta sha sanyi ranar da aka ɗauka. Sabon shiga yakan yi makonni yana zaune a bakin ƙofa kafin a tambaye shi abin da ya ji. Na kwatanta wannan da yaran zauren yanzu, da suke kallo suna ihu suna cin gyaɗa, wani ma yana faɗin abin da zai faru kafin ya faru.

Garmaho dai yana da lalura guda. In ƙasa ta girgiza allura takan yi tsalle, ta karce faifai, faifan da ya karce kuwa ya karce har abada. Jirgin ƙasa ba ya jin dokar kowa, don haka in an jiyo kukansa daga nesa sai a ɗage allura a jira ya wuce. Taɓarya kuwa tana jin doka. Baba ya kafa ta tun kafin zuwana: daga la'asar ɗin Juma'a har zuwa kiran magariba, ba daka, ba faskare, ba jan turmi a tsakar gida. Dakan yinin gaba ɗaya da safe ake haɗa shi a yi. Ita kanta Hajiya Babba ba ta da yadda za ta yi, sai dai ta zube mana kwandon goro ta ce mu zaɓe, aikin zaune, a inuwa, a kan tabarma. A mako guda wannan ne kaɗai lokacin da bayanmu ke miƙewa.

A cikin wannan shirun Iya Talatu ta kafa tamu ƙungiyar. Iya Talatu haifaffiyar Ikko ce, jikar sojan Bature, mijinta ya rasu, tana haya a ɗakin ƙarshe. In ta buɗe baki Hausa da Yarabanci tare suke fitowa, ba ta san wanda ya riga wani ba. Tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar silima, mai tsaron ƙofar kuma yakan bar ta ta tsaya daga baya ta kalla. Matar aure a lokacin ko ƙofar silima ba ta bi, wurin 'yan iska ake ɗaukarsa. Sai Iya ta zama idonmu. Ta kalli fim ɗin Indiya ta ɗauko shi a ka, ta kawo mana ranar Juma'a. Ba ta jin Indiyanci ko kalma, amma ba ta taɓa rasa abin da suka ce ba. Ta ɗaura ɗankwali ta zama sarki, ta kwance ta zama 'yarsa, ta karkace baki ta zama mugun waziri. Sunayen Hausa take ba su don mu riƙe. Dabararta da ta fi burge ni ita ce ta kiɗa. In maza na gardama a zaure, sai ta ja labari da murya ƙasa-ƙasa. Da an sauke allura, kiɗa ya tsallako katanga, sai ta ce to, ga waƙa ta zo, ta miƙe ta yi rawar 'yar sarki a cikin lambu, ba takalmi, da kiɗan kotso. Na daɗe a duniya ina zaton da kotso Indiyawa ke rawa. Mu kuwa mu cusa bakin mayafi a baki kada dariya ta fita. Dokarmu ɗaya ce, maganar ba ta tsallaka zaure. Na tabbata mazan sun san ana wani abu, amma in aka furta kalmar silima a gaban Baba, dole ya hana, kuma dole Iya ta nemi wani ɗakin. Hajiya Babba ba ta zama cikinmu. Tana bakin ƙofarta da carbi, ta juya mana gefe. Ni dai na lura carbin yakan tsaya in waziri ya zaro wuƙa.

Ni aka ba gadi, don an ga ba na barin kome ya wuce ni. Ina zama kusa da ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, hannuna a kwandon goro, kunnena a zaure. In faifai ya kusa ƙarewa na ɗaga yatsa Iya ta shirya sauka daga rawa. In na ji takun namiji na yi gyaran murya. A haka na haddace faya-fayan nan duka, na san inda ganga ke faɗuwa a kowanne kamar yadda na san matakan rijiyarmu.

Mai gidana, Allah ya ji ƙansa, kafinta ne, yana haɗa akwatunan kaya a Apapa. Mutum ne mai shiru wanda ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Wata Juma'a na miƙa masa ruwa ya ga tafin hannuna ya fashe. Ya tambaya, na ce dakan Juma'a ne, da ake haɗawa da safe saboda garmaho. Gaskiya na faɗa, ban ƙara kome ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da wani akwati da ya haɗa da hannunsa, ya cika shi da yashin bakin ruwa, ya sa masa ƙafafu na robar taya, ya ɗora garmaho a kai. Aka gwada a gaban kowa. Ya sa aka buga taɓarya a jikin katangar zaure, allura ko gezau. Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka, Baba ya ji daɗi ƙwarai, aka aiko cikin gida da albishir cewa an ɗage doka, mata su yi dakansu duk lokacin da suka so. Ya shigo ɗaki yana murmushi kamar wanda ya kawo mini zanen salla. Na yi masa godiya, don ya cancanta.

Hajiya Babba ta ce alhamdu lillahi, tun da haka ne, baƙin Juma'a sai su riƙa shan sabuwar fura da yamma maimakon ta safe. Dakan safe bai ragu ba, na yamma ya ƙaru. Kwandon goro ya koma hannun maza. A makon da abin ya faru Iya Talatu ta tsaya mana a tsakiyar wani fim, 'yar mai kiwon giwa ta faɗa kogi, ta kama reshe da hannu ɗaya, ruwa na janta. A nan muka bar ta, mako ya bi mako. Iya ta ce ita ba ta ba da fim a tsaye, kuma ba ta ba da shi a kan ƙarar turmi. Matan gida suka juya mini baya. In na je rijiya ba mai kama mini tulu. In na zo wucewa zance ya mutu. Suka sa mini suna matar injiniya. Wata rana Iya ta tare ni a madafa, ta dube ni sama da ƙasa, ta kira ni amarya da Yarabanci, ta ce, "Iyawo, mijinki ya iya aiki o. Ki ce masa in ya gama da garmaho ya zo ya sa wa bayanmu robar taya." Ba ni da bakin gaya wa mai gidana cewa alherinsa ya zame mana wahala, don sai na faɗi abin da muke yi a lokacin, in kuwa na faɗa na karya dokar da ta fi ta Baba ƙarfi a wurinmu. Ga shi ni baƙuwa ce a garin, ba uwa ba ƙanwa, matan nan su ne dangina.

Hanyar a turmi na same ta. Duk macen da ta iya daka, in ta ji kiɗa, taɓaryarta bin sa take yi ba tare da ta sani ba. Haka muke yi a waɗannan Juma'o'in, kiɗa na tsallakowa muna faɗuwa tare da ganga, har na jiyo tsohon sajen yana cewa dakan matan nan ƙara wa waƙar armashi yake. Sai na ce a raina, ashe mu muke gyara musu zama. Na sami Iya na gaya mata abin da nake tunani. Ta ce ashe ba a banza aka ba ni gadi ba. Ita ta bi ɗaki-ɗaki.

Da Juma'a ta zagayo muka ja turame zuwa gindin katangar zaure, muka ce rana ce ta kore mu. Na tsaya a inda kowa ke ganin hannuna. Aka sa faifan taushi da Baba ya fi so. Na bari ganga ta faɗi, sannan na faɗi a bayanta kaɗan, kamar mai ɗingishi. Ta gefena ta faɗi kafin gangar. Ta uku ta yi biyu a jere ta tsaya. Duk wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba ba zai san wahalar wannan ba. Daka a karkace ya fi daka daidai wuya nesa ba kusa ba, jiki yana son ya bi kiɗa kana hana shi. Gumi ya jiƙa mu, ba mai kallon wata don kada dariya ta ɓata aiki. Muka yi ta yi. Na jiyo tari a zaure, abin da ba a yi. Na jiyo wani ya yi tsaki. Can sai aka ɗage allura a tsakiyar baiti, ba jirgi, ba kiran salla. Tun da na zo gidan ban taɓa jin an yi haka ba.

Baba Alhaji ya zo bakin ƙofar cikin gida ya yi gyaran murya. Muka zube ƙasa, kowa ta ja mayafi. Bai dube mu ba, matarsa ya kira.

"Hajiya, yaran nan lafiya suke?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Shekaranjiya da aka yi suna a gidan maƙwabta, na ji lugudensu tun daga bakin titi, ko makaɗa sai haka. Yau kuma me ya sami hannuwansu?"

Kalma ɗaya daga bakin Hajiya ta isa ta gama da mu, kuma ta san kome. Ta ja carbinta, ta dubi turamen, ta dubi inda tabarmarmu take a naɗe a jingine.

"Yaran yanzu ne, Alhaji, ba su iya daka ba," in ji ta. "Musamman ranar Juma'a."

Baba ya dubi taɓaren da ke zube a ƙasa. Mutum ne da ke gane gangar da ta sha sanyi a cikin faifai, ba shi za a koya wa bambancin kuskure da ganganci ba. Ya ce to, ya juya. Na rarrafa zuwa wurin gadina na kasa kunne. Na ji ya zauna, ya kira mai gidana ya ce masa allurar nan ta yi tsalle. Mai gidana ya ce, cikin ladabi, shi bai ji ba, ko a sake sawa a duba. Baba ya ce ba sai an sake ba, ya tambayi saje. Saje, mai kunne ɗaya, ya ce ta yi, da kunnensa ya ji. Alhaji Bayarabe ya ce wallahi har sau biyu. Baba ya ce akwati ya yi kyau, Allah ya yi albarka, amma faifai ba abin wasa ba ne, a mayar da garmaho inda yake, doka kuma ta dawo yadda take.

Bayan magariba mai gidana ya shigo da akwatin a ka, ya zubar da yashin a bayan ɗaki, ya ajiye mini shi ya ce na zuba tasoshi. Na kawo masa tuwo. Ya wanke hannu, ya daɗe bai fara ci ba.

"Allurar nan ba ta yi tsalle ba," ya ce.

"Baba ya ce ta yi."

Ya dube ni, ya dubi hannuna da ya fi na da fashewa, ya ga kuma fuskata ba ta mai baƙin ciki ba ce. Bai gane ba, na ga bai gane ba, amma ba mutum ne mai tona abin da aka rufe ba.

"To, ta yi," ya ce, ya ja kwano.

Juma'ar da ta biyo aka zube kwandon goro, aka shimfiɗa tabarma, wata ta matsa ta ba ni wuri ba tare da na roƙa ba. Iya Talatu ta ɗaura ɗankwali ta koma bakin kogi, inda 'yar mai giwa take rataye. Muna jiran ɗan sarki ya zo a kan doki. Sai Iya ta ce a'a, wani kafinta ne ya fara isowa, mutumin kirki, mai shiru. Ya ga reshen da yarinyar ta kama a karkace yake, ransa bai so ba, sai ya zaro zarto don ya daidaita mata shi. Matan nan suka faɗi a kan juna, mayafi a baki, hawaye na zuba, kowa na nuna ni da haɓa. Hajiya Babba ta juya fuska bango, kafaɗunta na rawa. Na yi niyyar ɗaure fuska, don mijina ne, amma ban iya ba.

Daga ranar duk fim ɗin da Iya ta kawo sai an sami kafinta a ciki. Wani lokaci ya gyara ƙofar kurkuku fursuna na shirin gudu, wani lokaci ya ƙara wa gadon sarki ƙafa. Kullum da kyakkyawar niyya yake zuwa, kuma Iya ba ta taɓa bari an kashe shi ba. Mun yi shekaru masu yawa tare da mai gidana bayan wannan, mun haifi 'ya'ya, mun aurar. Har Allah ya karɓi abinsa bai san ya fito a fim ɗin Indiya ba, ni kuwa ban gaya masa ba.